Zance Ne Ko Amshi? Ƙorafi Kan Yadda Muke Nazarin Ma'aurata Masu Zane

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa ta mujallarmu wata magana ce da ta kuɓuce wa wani ɗalibi a cikin aji. Muna tattauna dangantakar adabi da sauran fasahohi, sai na nuna musu hoton wani aiki na Nike Davies-Okundaye, na kuma ambata cewa ta taɓa auren shahararren mai zanen nan Twins Seven-Seven. Kafin in rufe baki wani daga baya ya ce, "To Malam, ai shi ya koya mata ke nan." Aji ya bushe da dariya. Ni kuwa ban dara ba, domin na san ba yaron ne ya ƙago wannan hukunci ba. Gadonsa ya yi, kuma a hannunmu mu manazarta ya gaje shi.

Idan miji da mata suka haɗu a sana'ar zane, manazarta kan kasu gida biyu. Kashi na farko su ne masu ɗaukar mijin a matsayin makaɗi, matar kuwa 'yar amshi. Waɗannan ba su da wuyar kayarwa. Kashi na biyu su ne nake da faɗa da su, wato masu zaƙin bakin da ke cewa zantawa ce ta fasaha tsakanin masoya biyu, buroshinsa na tambaya nata na ba da amsa. Maganar da daɗin ji, amma sau da yawa lulluɓi ce. Kafin in yarda cewa zance ne ake yi, sai an gaya mini wa ke da ɗakin aiki, wa ke sa hannu a ƙasan zane, wa kuma ke ajiye buroshi ya tafi hura wuta idan baƙi sun yi sallama.

Mu fara da na kusa da gida. An haifi Nike a 1951 a Ogidi, cikin Jihar Kogi, kuma mahaifiyar Twins ma 'yar garin ce. Saƙa da rinin adire a hannun tsofaffin matan danginta ta koye su tun tana yarinya, kafin ta san akwai wani Twins a duniya. Shi kuwa mai rawa da kiɗa ne, har zuwa 1964 lokacin da ya faɗa cikin taron koyon zane na Mbari Mbayo a Osogbo. Wa ya jagoranci taron? Mace ce, Georgina Beier, wadda ta fara zama a Zariya tun 1959 kafin ta gangara kudu. Ashe ke nan shi kansa malamin da ɗalibina ya naɗa, mace ce ta ɗora shi a hanya. Wani abin takaicin ma, in ana ba da tarihin Osogbo a taƙaice, sunan mijinta Ulli Beier ne ke haɗiye nata, alhali shi marubuci ne da mai tallata fasaha.

Ba na musun cewa zaman Nike a gidan Twins ya bar alama a aikinta. Duk wanda ya dubi halittun tatsuniya da ke cikin ayyukanta na farko zai ji ƙamshin Osogbo. To amma me ya sa ba mu juya tambayar? Yadda Twins ke cika kowane lungu na zanensa da ƙananan ado, ba ya barin ko tafin hannu a sake, ni dai idona na hango zanen marina a ciki, sana'ar da a ƙasar Yarabawa ta mata ce. Kogin da muka ce gefe ɗaya yake kwarara, mu ne ba mu taɓa tsayawa a ɗaya gaɓar ba. A littafin tarihin rayuwarta da Kim Marie Vaz ta wallafa a 1995, Nike ta bayyana wahalar da ta sha a gidan mai mata da yawa, da yadda ta koya wa kishiyoyinta sana'a don su tsaya da ƙafarsu. Ta kafa cibiyarta a Osogbo a 1983, daga baya ta buɗe katafaren gidan baje kolin zane a Legas a 2009. 'Yar amshi ba ta kafa ƙungiya irin wannan.

A Amurka ma kanwar ja ce. Lee Krasner ta auri Jackson Pollock a 1945, kuma ita ta riga shi sanin manyan masana zane na birnin New York, ita ta haɗa shi da wasunsu. Da suka koma ƙauye, shi ya samu wani ƙaton ɗakin ajiya ya mayar wurin aiki, inda yake shimfiɗa ƙyalle a ƙasa yana yarfa masa fenti. Ita kuwa aka bar ta da ɗan ƙaramin ɗakin kwana a saman bene, don haka zane-zanenta na wancan lokaci ƙanana ne. Da ya mutu a haɗarin mota a 1956 ta koma cikin babban ɗakin, nan take ayyukanta suka kumbura har suna cin bango guda. Mai karatu ya lura: abin da za a iya kira "salon mace mai kunya" ashe faɗin ɗaki ne kawai. Duk da haka a gidan nan ne aka yi zance na gaskiya, domin a wajajen 1955 Krasner ta yayyaga wasu takardun zane da Pollock ya yasar, ta haɗa da nata ta liƙa, ta fitar da sabon aiki da sunanta. Wannan ita ce amsa, mai ɗaukar maganar abokin zama ta karya ta ta mayar masa. Babban baje kolin ayyukanta a gidan adana zanen zamani na New York kuwa sai a ƙarshen 1984 aka buɗe shi, watanni bayan rasuwarta.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mu Hausawa bai kamata mu faɗa wannan rami ba. Nana Asma'u 'yar Shehu da mijinta Waziri Giɗaɗo ɗan Laima duk marubuta ne, duk sun yi rubutu kan rayuwar Shehu da ta Muhammadu Bello, shi a zube, ita galibi a waƙe, kuma ban taɓa jin malamin da ya ce Giɗaɗo ne ya rubuta mata ba. Amma yau in matar aure ta fitar da littafi a Kano, ko ta zana allo, kafin tawada ta bushe an fara raɗa ana neman hannun maigida a ciki.

Shi dai ɗalibin nawa ban bar shi haka ba. Na ba shi hotunan ayyuka shida, uku na Nike uku na Twins, na rufe sunayen, na ce ya rubuto mini shafi biyu ya nuna wanda ya koya wa wani, da hujja daga cikin zanen kansa. Har yanzu ina jiran takardarsa.