Mudun Kasuwa da Firgicin Ɗan Yaro: Tsokaci a Kan Finafinan Ban Tsoro

Masu iya magana na cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Haka nan duk wanda ya sayi haƙƙin littafin ban tsoro domin ya mayar da shi fim ya san abin da ke cikin kayan da ya saya: mutuwa, da jini, da firgici. Abin da ya ɗaure mana kai, wanda kuma ya sa muka ɗauki alƙalami, shi ne yadda manyan kamfanonin fim na Amurka kan sayi irin waɗannan littattafai da tsada, sa'annan su koma suna yi musu aski domin su dace da wani mudu da ake kira ƙayyade shekarun masu kallo. Da'awarmu a wannan maƙala ita ce, wannan mudu da aka ƙirƙira don amfanin iyaye ya koma hannun 'yan kasuwa, kuma cutarsa ta shafi mutum biyu: marubucin da aka gurgunta wa littafi, da yaron da aka ce ana kare shi.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu san asalin abin. A watan Nuwamba na shekarar 1968 ƙungiyar manyan kamfanonin fim ta Amurka, wato MPAA, a ƙarƙashin shugabancin Jack Valenti, ta fito da tsarin maƙala wa kowane fim wani harafi da ke nuna wanda ya dace ya kalle shi. Harafin R na nufin duk wanda bai kai shekara 17 ba, ba zai shiga silima ba sai tare da uba ko uwa ko wani babba mai kula da shi. A shekarar 1984, bayan iyaye sun yi ca a kan finafinan Gremlins da Indiana Jones and the Temple of Doom, waɗanda aka ba alamar PG alhali suna ɗauke da abubuwan tayar da hankali, sai aka ƙaro wata alama a tsakiya mai suna PG-13. Ita wannan gargaɗi ne kawai ga iyaye, ba ta hana kowa shiga. Yaro ɗan shekara goma sha huɗu na iya yankar tikiti ya shige shi kaɗai. Tsarin ba dokar gwamnati ba ne, ƙungiyar kamfanonin ce ta kafa shi, kuma masu kawo fim su ne ke biyan kuɗin dubawa. Ko da yake iyaye ne ake ɗauka su yi aikin tantancewar, mai hankali ba zai rasa tuna zancen ba kura ajiyar nama ba.

To, da yake matasa su ne suka fi cika silima in an sa fim ɗin ban tsoro, sai wannan alama ta PG-13 ta zama abin da ake kwana ana tashi da shi a ofisoshin kamfanoni. Maimakon a yi fim a kai shi a auna, sai a fara zaɓen mudu, sa'annan a yanka fim daidai bakinsa. Dubi abin da ya sami littafin Max Brooks mai suna World War Z, wanda ya fito a 2006. Littafin tarin hirarraki ne da mutanen ƙasashe daban-daban da suka tsira daga wata annoba mai mayar da gawawwaki dodanni masu cin naman mutane, kuma a ƙarƙashin labarin akwai suka mai zafi ga gwamnatocin da ke ɓoye gaskiya har abu ya fi ƙarfinsu. Da aka mayar da shi fim a 2013, sai aka watsar da waɗannan muryoyi duka, aka bar jarumi ɗaya, Brad Pitt, yana ta gudu daga ƙasa zuwa ƙasa, dubban mutane na mutuwa amma da ƙyar ido ke ganin ɗigon jini. Fim ɗin ya tara kimanin dala miliyan 540. Bayan an gama cin kasuwar silima, sai aka fito da wani kofi na kallon gida wanda aka mayar masa da wasu abubuwan da aka cire. Ka ga an sayar da haja ɗaya sau biyu, mai littafi kuwa sunan littafinsa kawai ya rage masa a jikin allo.

Masu kare wannan ɗabi'a suna da hujjarsu, kuma ba za mu ɓoye ta ba. Sukan ce fim jari ne, wanda ya zuba miliyoyi dole ya buɗe ƙofa ga kowa. Sukan kawo misalin The Ring na 2002, wanda asalinsa littafin marubucin Jafan ne Koji Suzuki, ya sami PG-13 ya kuma tara kusan dala miliyan 250. Sukan ƙara da Five Nights at Freddy's na 2023, wanda aka ciro daga wasan kwamfuta, aka kashe masa dala miliyan 20, ya dawo da kusan miliyan 300. Mun yarda da waɗannan alƙaluma. Sai dai tsoron da ke cikin The Ring tun a littafi na jiran mutuwa ne cikin kwana bakwai, ba ya bukatar a zubar da jini, saboda haka mudun bai ci masa komai ba. Shi kuwa na biyun, yara ne masu wasan tun farko, su aka yi wa fim ɗin. Kuskuren shi ne a ɗauki abin da ya dace da labari ɗaya a mayar da shi ƙa'ida ga kowane labari.

Shekarar 2017 ta isa ta raba gardama. A cikinta aka fitar da finafinai biyu daga littattafan mutum ɗaya, Stephen King, wata guda ne kawai tsakaninsu. A watan Agusta aka saki The Dark Tower, inda aka matse jerin littattafai takwas cikin minti 95, aka tsabtace shi ya sami PG-13. Abin da ya tara a duniya duka bai wuce kimanin dala miliyan 113 ba. A watan Satumba aka saki It, wanda Andy Muschietti ya ba da umarni, daga littafin 1986. Shi an bar masa haƙoransa, har da wurin da dodon nan Pennywise ya cire wa ƙaramin yaro hannu a bakin magudanar ruwa, aka kuma ba shi alamar R. A ƙarshen makonsa na farko, a kasuwar Amurka da Kanada kaɗai, ya tara dala miliyan 123, wato ya zarce duk abin da ɗan'uwansa ya samu a faɗin duniya. Daga ƙarshe ya haura miliyan 700, alhali an kashe masa kimanin miliyan 35. Wannan ba sabon abu ba ne, domin tun a 1973 The Exorcist, daga littafin William Peter Blatty, ya sa mutane bin dogon layi cikin sanyi duk da alamar R da ke kansa. Ba muna cewa harafin R laya ce ta kasuwa ba, domin Doctor Sleep na 2019, shi ma daga littafin King, ya ɗauki R ya kuma faɗi warwas. Abin da muke cewa shi ne, harafi ba ya sayar da fim, ba ya kuma kashe shi. Masu kallo labari suka zo nema, in an ba su gurgu sukan gane.

Yanzu bari mu juya ga yaron da ake fakewa da shi, domin a nan ne abin ya fi ciwo. Mudun nan abin da ido ke gani da abin da kunne ke ji ya fi iya ƙirgawa: yawan jini, da tsiraici, da yawan ashar. Bisa al'ada, ashar mai nauyi sau ɗaya ake yafe wa fim ɗin PG-13. Da kamfanoni suka haddace wannan lissafi, sai suka koyi yadda za a kashe mutum ɗari a allo ba tare da an nuna rauni ba. Wani bincike da mujallar likitocin yara mai suna Pediatrics ta buga a 2013 ya gano cewa harbe-harben bindiga a finafinan PG-13 ya ninka fiye da sau uku tun daga 1985, har ya zarce na finafinan R. Wane darasi ke nan aka koya wa yaro? An nuna masa kisa ba zafi, mutuwa ba makoki. An guje wa gara an faɗa gidan zago.

Firgici kuwa ba a cire shi da almakashi. A Ingila, a 2012, kamfanin da ya mayar da littafin Susan Hill mai suna The Woman in Black fim ya nemi alamar 12A, domin jaruminsa Daniel Radcliffe ne, wanda yara suka sani a matsayin Harry Potter. Hukumar BBFC ta amince bayan an yanke daƙiƙa 6, an ƙara duhu a wasu wurare, an kuma rage ƙarar sauti. Labarin fatalwa ne mai sa ƙananan yara su hallaka kansu. A wannan shekara babu fim ɗin da jama'a suka kai wa hukumar ƙorafi a kansa kamar shi. Ashe daƙiƙa shida ba su isa su mayar da kura akuya ba.

A gidajenmu na Hausa ma an san amfanin tsoro a cikin labari. Tsohuwa kan kawo Dodo cikin tatsuniya da dare, amma tana kallon fuskar jikanta, in ta ga idonsa ya raina fata sai ta sassauta murya ta kawo Gizo a yi dariya. Wannan shi ne awo na gaskiya, domin mai yin sa ya san yaron. A yau kuwa waɗannan finafinai na shigo mana ta wayar hannu, inda babu mai tsaron ƙofa balle a tambayi shekaru. Hukumar tace finafinai ta ƙasa da aka kafa a 1993 na iya maƙala alama a silima, amma hannunta ba ya kai wa ƙarƙashin bargo.

Saboda haka kiranmu kashi biyu ne. Ga masu mayar da littafi fim, a can ko a nan gida, muna cewa in labari na manya ne a yi shi na manya, a faɗi haka ƙarara, a haƙura da kuɗin yara. In ba za a iya ba, to da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ga iyaye da yayye da malamai kuwa, muna cewa kada harafin da aka buga a bangon fim ya ɗauke mana nauyin da Allah ya ɗora mana. A tambaya, a duba, in ta kama a zauna a kalla tare da yaron. Wanda ya yanka fim ɗin daidai mudu tikiti yake ƙirgawa, kuma ba shi zai tashi da tsakar dare ya rarrashi ɗan da mafarki ya firgita ba.