Daga Aljihun Ɗalibi: Yadda Labari Ya Ƙare

A wannan mako muna so mu tattauna kan shafin ƙarshe na littafi, wanda da yawanmu muke leƙawa tun kafin mu kai tsakiya.

Mun taso muna karanta littattafan soyayya da ake kawowa daga Kano, yanzu kuma a waya muke binsu. Yawancinsu hanya ɗaya suke ƙarewa: a ɗaura aure, mugu ya tozarta, kowa ya yi dariya. Irin wannan ƙarshe yana da daɗi, kuma ba laifi ba ne mu so shi. Zuciyar da ta gaji tana buƙatar hutu.

Amma mu dubi Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934 bayan gasar rubutu da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. Marubucin a Kwalejin Katsina ya yi karatu. A labarin, an sace Umar yana ƙaramin yaro, mahaifiyarsa ta bazama nemansa har ita ma ta faɗa bauta. Sun sadu a ƙarshe, amma ba ta daɗe ba ta rasu. Umar bai lalace ba, ya zama babban malami mai almajirai.

A yankinmu da ke gefen dajin Rugu, wannan ba tatsuniya ba ce. Mun san gidajen da 'yan bindiga suka ɗauke wa mutum, kuma ba mu manta da ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 da aka sace a Disamban 2020 ba. Ɗalibin da ya rasa uba ko yaya, idan kullum littafi yana gaya masa cewa mai haƙuri komai nasa yana dawowa, zai iya zaton shi ne ya gaza. Ƙarshen Shaihu Umar yana gaya masa gaskiya: wani rashin ba ya gyaruwa, amma rayuwa tana ci gaba, kuma tana iya yin albarka.

Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, daga wannan gasar, ya ƙare da nasara, domin Alhaji Imam ya samo ruwan da ya fita nema. Shi ma muna buƙatarsa, don kada mu daina sa rai.

Shawararmu ita ce, idan kun rufe littafi, ku tambayi kanku: shin abin da ya faru a ƙarshe ya dace da wahalar da aka sha a hanya? Wa aka manta da shi? In kuwa ƙarshen ya tayar muku da tsohon ciwo, ku faɗa wa malami ko wani babba a gida.

Ku rubuto mana littafin da ƙarshensa ya hana ku barci, da dalili. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.