Gidajen masu gonakin rake a kudancin Amurka

A kudancin Amurka, cikin jihar Luwiziyana, kogin Misisipi ya ratsa ƙasa mai albarka. Can da a hannun Faransa ƙasar take, sai a 1803 aka saida ma Amurka ita. A bakin kogin, kafin a kai birnin Niyu Oliyans, tsofaffin gidajen masu gonakin rake na nan jere. An gyara waɗansu, an shafa musu fenti, baƙi na biyan kuɗi su shiga kallo.

Wanda ya fi suna shi ne Oak Alley, da aka gama gininsa a 1839. Manyan itatuwa 28 ne suka yi layi biyu har ƙofar gida. Shekara da shekaru, mai zagayawa da baƙi ba ya zancen komi sai gadon maigida da kwanonin azurfa na uwargida. To, wa ya buga tubalin ginin? Bayi ne. Wani bawa mai suna Antuwan ma, a nan ya gwanance da auren itacen pekan a 1846, irin yadda manomanmu ke aurar da mangwaro. Sai daga baya aka sake gina bukkokin bayi a bayan gidan.

Kusa da nan akwai gidan Whitney. Wani Bajamushe ya kafa gonar a 1752. Baba aka fara nomawa, kana aka koma ga rake. Aikin rake kuwa mai kashe mutum ne: in lokacin sara ya zo, dare da rana ake dafa ruwansa cikin manyan tukwanen ƙarfe. Tukwanen na nan har yau.

An buɗe Whitney ga jama'a a watan Disamba 2014, kuma labarin bayi ne gaba. Malamin tarihi Ibrahima Sek, mutumen Senegal, shi ya jagoranci binciken. An sassaƙa sunan bayin gonar fiye da 350 a jikin dutse. A wani fili kuma an rubuta sunan yara 2.200, ƴaƴan bayi da suka mutu a yankin.

Waɗansu gidajen na bada haya ga masu bikin aure, abin da jikokin bayi da yawa ke gani cin fuska ne. Whitney ba ya karɓar biki.