Wa Ya Ce Ba Ta da Kan Lissafi?

Hutun da ya wuce na je gida na tarar ana rigima a kan ɗiyar yayata. Shekararta takwas, tana aji biyu, wato CP. Ubanta ya ce ƙarshen shekara zai fidda ta daga lakkol, tunda mushe da bakinshi ya ce ba ta da kan lissafi. Na ce a kawo mini kayenta in gani. Ashe dikte na lambobi aka yi musu. Mushe ya ce quatre-vingt-douze, yarinya ta rubuta 42012. Aka zabga mata sifili da jan bik, aka ƙara mata da bulala.

Ƴan uwa ɗalibai, ku sake duban lambar nan. Ta ji quatre ta sa 4, ta ji vingt ta sa 20, ta ji douze ta sa 12. Ina kuskurenta? Abin da kunnenta ya ji shi ta rubuta, ba ragi ba ƙari. Kafin ta kai ga 92 sai ta san cewa huɗun nan ninka ashirin take yi, a samu tamanin, a ɗora goma sha biyu. Wato an tambaye ta ninkawa tun ba a koya mata ita ba, cikin harshen da ba a yi mata ko wasa da shi a gida. Mutanen Beljiyam da na Suwis, da Faransancin nan harshensu ne, septante da nonante suke cewa, ba su ɗaukar wa kansu wannan wahala. Mu ne muka rungumi quatre-vingt-dix kamar gadon kaka.

Da maraicen ranar na zauna ƙofar gida inda take sayar wa uwarta awara, guda dala biyar. Wani ya sayi bakwai, ya miƙa mata dala ɗari. Ba ta ɗauki alli ba, ba ta ƙirga yatsu ba, ta ce, «Kuɗinka talatin da biyar, canjinka sittin da biyar.» Wannan ce wadda aka ce ba ta da kai. Kuma ku tuna, kuɗin da aka ba ta 500 ke rubuce a kanshi, ita kuwa ɗari take kiranshi. Kowace mai talla a ƙasar nan tana yawo da ninkin biyar a cikin kanta. Littafin aji bai san da dala ba. In ya ce Ali yana da 100 F, yaro ya ga «ɗari» a takarda, alhali a aljihu sunan kuɗin nan ashirin. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya warware mishi wannan ƙulli, sai dai a ce daƙiƙi ne.

Mi ne ne ma ake son yaro ya gane a shekaru biyun farko? Babban abin shi ne goma tana ɗauruwa ta zama ƙulli guda, kuma wurin da lamba ta tsaya shi ke faɗin nauyinta: 2 na cikin 25 ƙulli biyu ne, 2 na cikin 52 sandar kara biyu ce kawai. Wanda ya gane wannan ya gane tarawa da ɗebewa, har da «je retiens un» ɗin da muka yi ta rerawa ba mu san mi muke riƙewa ba. Ni dai sai a CE2 na gane ɗayan nan ƙullin goma ne. To Hausa tana faɗin wannan ƙa'ida da bakinta: goma sha ɗaya, goma sha biyu, kana jin goman kana jin abin da ya hau kanta. Onze, douze, treize har seize kuwa, kunnen yaro ba ya jin wata goma a ciki, hadda ce tsurarta. Na yarda, mu ma muna da namu: ashirin, talatin, arba'in har tamanin aro ne daga Larabci, sai an haddace. Amma tsofaffinmu suna da gomiya biyu, gomiya uku, kuma har yau a kasuwa ana jin gomiya tara. Gomiya tara da biyu, ai ga 9 ga 2 nan an rubuta maka su a baki. In tsohuwa ta ce ashirin ba biyu, ɗebewa ce ta yi ba ta sani ba. Manomi da ya jera damman hatsi ya ware ɗaya cikin kowane goma don zakka, shi ma ƙullin goman nan yake yi.

Na san abin da wasu cikinmu za su ce, na ji shi har a ajinmu na ilimin harsuna, abin kunya: wai Hausa ba ta da kalmomin kimiyya. Wace kimiyya ce a CI? Ƙirga, tarawa, ɗebewa, ninkawa, rabawa, rabi, saura, sifili. Wacce ce babu? Wasu kuma su ce yaro zai makara a Faransanci. A koya mishi Faransanci mana, darasi ne mai zaman kanshi, ni ma da shi nake karatu. Abin da na ƙi shi ne a ɗora wa ɗan shekara bakwai kaya biyu lokaci guda, in ya faɗi a ce ƙafarshi ce ba ta da ƙarfi. Kuma kada wani ya juya maganata: ɗan Zabarmawa ya ƙirga da Zabarmanci, ɗan Fulani da Fulatanci, ɗan Barebari da nashi, na Abzinawa da Tamajak.

Maganar ba yau ta fara ba. Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunanshi, masanin kimiyya ne, kuma tun 1964 ya rubuta littafi kan ilimi a Afirka inda ya nemi a koyar da yara cikin harsunansu. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa cikin aji. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan, wane irin gwaji ne ba ya ƙarewa? Binciken PASEC na 2014 ya auna ƙasashe 10, mu ne muka zo ƙarshe: cikin masu gama firamare, ko ɗaya bisa goma bai kai matakin da ake so a lissafi ba. Burundi, da ba ta fi mu arziki ba, ita ce a gaba a lissafin ƙananan azuzuwa, kuma da Kirundi take fara koyarwa. Yanzu kundin 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa. Madalla. Sai dai ban ga alamar kundin a kayen ɗiyarmu ba.

Ban ga laifin mushen nan sosai ba. Yara sun fi ƙarfin aji, shi ma haka aka koya mishi da bulala. Kafin in dawo na yanko karan dawa, muka zauna da ita kwana uku muna ɗaure goma-goma da zare. Na ce ta ba ni gomiya tara da biyu, ta tura mini ƙulli tara da sanda biyu, ta rubuta 92 a ƙasa da yatsa. Sannan na faɗa mata sunan da Faransawa suke kiranta da shi. Ta yi dariya ta ce, «Kawu, mi ya sa suke zagaye haka?» Ubanta yana zaune yana kallo, bai ce uffan ba. Da zan tafi na roƙe shi ya bar ta ta ƙara shekara guda, ya ce zai yi shawara.