Jakar Tsakiyar Keke

Jakar tsakiyar keke ita ce wadda ake ɗaurawa a gurbin nan mai kusurwa uku da ke tsakanin sirdi da kan keke da feda. Babban amfaninta yana ga inda take ajiye nauyi: ƙasa-ƙasa, tsakanin tayoyi biyu, ta yadda keke ba ya rinjaya gefe guda ko ya yi ta lilo kamar idan an labta kaya a kariya. Shi ya sa masu gasar Tour Divide suka rungume ta; gasar keke ce ta tafiyar sama da kilomita 4,000 kan tsakuwa da duwatsu, daga Banff a Kanada har Antelope Wells a iyakar Amurka da Meziko. Kaya masu nauyi ne suka cancanci shiga cikinta: famfo, sifana, kayan faci, ruwa da guzuri. Ga mai doguwar tafiya, lallai ta fi jakar goyo, wadda ke gajiyar da kafaɗa. Sai dai tana cinye gurbin gorar ruwa, kuma in aka cusa mata kaya ta kumbura, gwiwar mahayi za ta riƙa gogarta. Maɗaurinta ma, in ƙura ta shiga ƙarƙashinsa, yakan cinye fenti, don haka a fara naɗa tef a ƙarfen kafin a ɗaure.