Hakkin Lebura A Kan Mai Ramin Zinariya

Jama'a, a nan Ambursa wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago noma, shi ke kai masa fura da ruwa har gona. To, don me mai ramin zinariya zai ce lada kaɗai ke wuyansa?

A 2010 yara wajen 400 suka mutu a ƙasar Anka da Bukkuyum ta Zamfara. Dutsen zinariyar can haɗe ya ke da dalma. Aka riƙa niƙa shi busasshe cikin gidaje, ƙurar tana sauka bisa tuwo da hannuwan yara. Wai ƙaddara ce. Lalle kome da ƙaddara, amma wa ya sayo injin niƙan?

Dalma ba ta wari, ba a gane ta shiga jiki sai an auna jini. Saboda haka wajibi ne ubangida ya riƙa kai leburorinsa awo. Wanda aka ga ta yi masa yawa, a janye shi daga niƙa, ban da yanke lada. A jiƙa dutse, a niƙa nesa da gari. A tanadi ruwa da sabulu, lebura ya yi wanka, ya bar rigar aiki can, sa'an nan ya koma gida ya ɗauki ɗansa.