Dayis ɗin da Ya Ƙi Ba da Shida

A ɗauki ɗaliba a shekararta ta farko a sashen kimiyyar kwamfuta. An ba ta aikin rubuta ƙaramin wasa da harshen Python: kwamfuta ta jefa dayis irin na ludo, mai wasa ya canki lambar da za ta fito. Ta rubuta layi ashirin, ta gwada, wasan ya yi aiki. Sai ƙanenta, wanda ya saba zaman ludo, ya ce tun ɗazu bai ga shida ta fito ba. Gaskiyarsa ce. Ta yi amfani da umarnin randrange daga 1 zuwa 6, wanda ke tsayawa a kan 5, maimakon randint da ke haɗawa har da 6. Kwamfutar ba ta yi ƙorafi ba, domin abin da aka umarce ta ta yi.

Akwai masu kallon irin wannan aiki a matsayin wasan yara. Akwai kuma iyaye da malaman da ke ƙyamarsa, saboda dayis da canke suna musu kama da caca. Duka ɓangarorin biyu sun yi gaggawar yanke hukunci. Ƙaramin wasan sa'a yana cikin mafi dacewar ayyukan da za a fara ba mai koyon rubuta manhaja, kuma ya kamata a riƙa koyar da shi da gangan, har a kai ga lissafin da ke ƙarƙashinsa.

Dalili na farko shi ne, wasan ya ƙunshi ginshiƙan sana'ar a wuri guda. Dole ɗalibi ya ajiye lamba, ya karɓi abin da mai wasa ya shigar, ya gindaya sharaɗin ci da faɗuwa, ya sa a maimaita jifa, ya ƙirga maki. Sannan ga wata matsala da sauran ayyukan farko ba su da ita. Manhajar da ke haɗa biyu da uku, ana duba amsarta a san ko daidai ce. Amma wadda amsarta ke sauyawa a kowane gwaji, jifa ɗaya ba ya tabbatar da ingancinta. Sai an jefa sau dubu shida, an ƙirga, an ga ko kowace fuska ta fito kusan sau dubu. A nan ɗalibi ke fara gane cewa tafiyar manhaja daban, ingancinta daban.

Idan aka ƙara dayis na biyu, darasin sai ya zurfafa. Mai gaggawa zai sa kwamfuta ta zaɓi lamba tsakanin 2 da 12, ya ɗauka ya gama. Amma dayis biyu suna da hanyoyin faɗuwa 36. Shida daga ciki suna ba da jimillar 7, guda ɗaya tak ke ba da 2, ɗaya kuma 12. Wanda ya ba lambobin goma sha ɗaya rabo iri ɗaya ya gina wasan da bai dace da zahiri ba. Irin wannan kuskure, na kwaikwayon duniya a bisa zato, shi ne ke ɓata manyan manhajojin hasashe, kuma gara a gamu da shi a kan dayis tun ba a kai ga kuɗin jama'a ba. Shi kansa ilimin lissafin yiwuwa daga wasan sa'a ya tsiro: wasiƙun da Blaise Pascal da Pierre de Fermat suka yi musaya a Faransa a 1654 sun tattauna ne kan yadda za a raba kuɗin wasan da aka katse kafin a gama.

Dalili na biyu ya shafi tambayar da ɗalibi mai nazari zai yi: ina na'urar da ba ta san komai ba sai bin umarni take samo sa'a? Amsar ita ce, a mafi yawan lokuta ba ta samo ta. Tana ɗaukar wata lambar farawa, ta bi ƙa'idar lissafi ta fitar da jerin lambobi masu kama da na katsaham. Python yana amfani da hanyar Mersenne Twister, wadda Makoto Matsumoto da Takuji Nishimura suka ƙirƙiro a Japan a 1997. Idan aka ba ta lambar farawa ɗaya sau biyu, jeri ɗaya za ta maimaita. Wannan ya wadatar ga wasa, amma haɗari ne ga kalmar sirri ko lambar tabbatarwa ta banki, shi ya sa harshen ya tanadi wani sashe daban mai suna secrets domin harkar tsaro. Injiniyan da ya san wannan bambanci tun daga aji ɗaya ba zai saka asusun mutane cikin garari ba.

Saura batun caca, kuma damuwar masu ita tana da tushe. Cacar ƙwallon ƙafa ta shiga wayoyin matasa, ta cinye albashi da jari da kuɗin makaranta. Sai dai abin da ke mayar da wasa caca shi ne zuba kuɗi, kuma ɗalibin da ya gina wasan da hannunsa ya fi kowa ganin inda tarkon yake. A sa shi ya ƙara ƙa'ida ta gwaji: duk jifa naira 100, wanda ya canka daidai a ba shi naira 500. A jifa 600 an zuba naira 60,000, an ci kusan sau 100, an karɓi naira 50,000. Naira 10,000 ta tafi ga mai wasan ba tare da an yi maguɗi ko sau ɗaya ba. A sa shi kuma ya lissafa tikitin wasanni goma, ko da kowanne rabi da rabi ne: damar cin duka ɗaya ce cikin 1,024. Zai kuma ga cewa dayis ba ya tuna baya. Ko an yi jifa goma babu shida, rabonta a na gaba yana nan ɗaya cikin shida. Gani ya kori ji.

Gaskiya ne, wanda ya iya wannan lissafi zai iya sayar da basirarsa ga kamfanin caca. Ɓoye masa ilimin ba zai hana hakan ba, sai dai ya bar shi cikin sahun waɗanda ake ci. Abin da ya rage ga malami shi ne kada ya tsaya da zarar wasan ya fara aiki. Ya buƙaci ɗalibi ya kawo ƙirgen jifa dubu shida, ya bayyana inda lambobinsa suke fitowa, ya kuma nuna a rubuce wanda zai ci riba da a ce an zuba kuɗi. Wanda ya amsa waɗannan tambayoyi uku ya cancanci a ba shi aiki na gaba.